Tsohon jirgin ruwa mai ɗaki: wanne zai yi wa mutumin Maraɗi?

A bayan gidan kawuna, gindin wata darbejiya, akwai jirgin ruwa. Ƙirar Amurka ne, Bayliner, tsawonsa ya haura mita 7, da ɗakin kwana a cikinsa da ɗan murhu da makewayi. Ta Kwatano ya shigo tun ana bin Gaya lafiya lau, kuma a iya lissafina sau huɗu ya taɓa ruwa. Yanzu kaji ke ƙwai a inda ake ajiye anga, ɓeraye sun gama da wayoyinsa, jikoki sun mayar da sitiyarinsa abin wasa. Duk sanda na ce, "Kawu, a sayar da abin nan mana," sai ya ce, "Ɗana, samo mini mai saye, ko da rabin kuɗin duwan ne." Har yau ban samo ba.

Na ɗauko zancen ne saboda wani abokina da ke sayo motocin hannu daga Turai ya turo mini hotuna uku ta WhatsApp, ya ce in zaɓa masa. Na farko ɗan'uwan na Kawu ne, fari ƙal, mai injin esansi a ciki. Na biyu jirgin ƙarfe ne daga Holan, mai injin gazuwal, tsawon mita 9 ko fiye. Na uku ƙarami ne mai ɗan ɗaki a gaba, wanda ake rataya wa inji a baya. Kuɗinsu a can bai yi nisa da juna ba, kuma dukkansu da araha, domin a Turai wurin ajiye jirgi na cin kuɗi duk shekara, mai tsohon jirgi neman kai yake da shi. Amsar da na fara ba shi tambaya ce: "Alhaji, a wane ruwa za ka sa shi?"

Gulbin Maraɗi dai kowa ya san halinsa. Ya kawo ruwa da damina, ja wur da laka, bayan ƴan watanni ya koma yashi da lambuna. Ruwan da ke kwana shi ne tafkin Madarunfa, kilomita 20 da ƴan kai kudu da gari. Tafki ne mai albarka, amma na masunta: ba zurfi can, ƙasansa taɓo, da rani yana janyewa, ga raga da mamari ko'ina. Jirgin da aka ƙera don ya yi gudun kilomita 40 ko 50 a awa, kafin ya gama ɗaga hanci ya miƙe ya iso ɗaya gaɓar, igiyar ruwan da zai bari a baya kuma ta isa ta kife ƙaramin kwale-kwale. Akwai madatsar Jibiya a tsallaken iyaka, a kan wannan gulbi namu, sai dai wata ƙasa ce, da takardunta da halin tsaron da ake ciki. Ruwa na gaske sai kogin Isa, kuma daga nan zuwa Yamai wajen kilomita 660 ne, ta Konni da Dogon Dutsi da Doso. Shi ma kogin ba kullum yake cike ba. Yana kumbura a Agusta da Satumba da ruwan damina, ya sake cika wajen Disamba zuwa Fabrairu idan ruwan Gini ya iso, sannan ya sauka ƙwarai a Mayu da Yuni. A 1985 har tsayawa ya yi cak a Yamai. Wanda bai warware wannan tambaya ba, duk jirgin da ya saya gindin darbejiya zai ƙare.

Bari in fara da mai kyan, tunda shi ke jan ido. Irin su Bayliner Ciera da Sea Ray Sundancer na shekarun 1980 da 1990 jikinsu faiba ne, injinsu na mota ne da aka gyara don ruwa, galibi ƙirar General Motors, mai silinda 6 lita 4.3 ko mai silinda 8 lita 5.7. Injin yana zaune a ciki, sai wata ƙafa ta ƙarfe ta ratsa bangon baya ta fita waje, a ƙarshenta farfela take. Volvo Penta ne suka fito da wannan tsari a 1959, MerCruiser suka biyo baya a farkon shekarun 1960. Shi injin kansa ba abin tsoro ba ne, makaniken da ya saba da manyan motocin esansi zai iya kwance shi ya ɗaure. Ƙafar ce matsala. A mahaɗinta da jirgi akwai wasu robobi masu ninki kamar zuga-zugin maƙeri, su ke hana ruwa shiga. Ko a ƙasashen sanyi ana canza su bayan ƴan shekaru, balle a nan da rana ke cin tayar mota tana tsaye. Idan ɗaya ta tsage jirgi na kan ruwa, a hankali zai cika ya nutse a inda aka ɗaure shi. Babu shagon da ke ajiye su a Maraɗi, sai an yi oda an jira. In kuwa aka ga an rubuta OMC a jikin ƙafar, to kamfanin ya karye tun Disamban 2000, kayan gyaransa sai an sha nema ko a can.

Abin da ya kayar da na Kawu bai kai tafin hannu ba. Irin wannan inji da ruwan da yake tafiya a kai yake sanyaya kansa: wata ƴar roba mai fikafikai a cikin famfo ke zuƙo ruwan ta tura. Ranar fitarsa ta huɗu, a Madarunfa, ƙafar ta shiga taɓo, famfon ya zuƙi yashi. Ina tsaye kusa da Kawu na ga allurar zafi tana hawa, shi kuwa hankalinsa na wajen baƙin da ya gayyato. Kafin in yi magana warin roba ya tashi. Da muka buɗe famfon a gida, fikafikan duk sun karye sun bi bututu, inji ya ƙona gasket. Masunta biyu ne suka jawo mu gaɓa da kwale-kwale da gora, yara na bin mu da ihu. Ita wannan roba ko a tudu aka tayar da injin ba ruwa, ba ta kai minti guda take lalacewa, kuma abin da kowane mai sayarwa a filin motoci ke yi ke nan don ka ji ƙarar inji.

Sai shan mai. Mai silinda 8 a gudu matsakaici yana shan lita 40 zuwa 50 a awa, in aka taka shi iyaka ya doshi 80. A lissafin lita ɗaya dala ɗari, yawon awa uku ya ci sama da jikka 60, ba a sa man motar da ta jawo shi ba. Kuma esansi a rufaffen ciki haɗari ne na daban. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana gangarawa ya kwanta a ƙasan jirgi, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Shi ya sa ake kunna fankar ɗakin inji minti 4 kafin a murɗa makulli, shi ya sa kuma sitata da altaneta na jirgi a rufe suke don kada su yi tartsatsi. Makanike zai ce maka, "Ranka ya daɗe, na mota ma zai shiga." Zai shiga ɗin. Kada ka yarda.

Na biyu, jirgin ƙarfe mai gazuwal, shi ne wanda zuciyata ta fi so, shi ne kuma zan fi jinkirin cewa a saya. Ba ƙafa, ba robar zuga-zugi. Sandar ƙarfe ce miƙaƙƙiya daga giya zuwa farfela. Injinansu tsofaffi ne marasa kwamfuta, irin Perkins 4.108 ko Volvo Penta MD21, wanda asalinsa injin gazuwal ne na Peugeot, dangin waɗanda makanikanmu suka girma a kansu. Ba ya gudu, kilomita 10 zuwa 12 a awa, amma lita 3 zuwa 5 ta ishe shi, gazuwal kuma ba ya tashi da wuta kamar esansi. Jikinsa in ya huje mai walda zai liƙe. Ɗakinsa na gaske ne, mutum ya miƙe tsaye, ya shimfiɗa darduma ya yi salla.

Nauyinsa ne ke ɓata lissafi. Tan 6 zuwa 8, wani lokaci fiye. Wannan ba abin da za a ɗaura a bayan Hilux ba ne: sai kireni ya ɗaga shi, sai babbar mota mai shimfiɗaɗɗen baya, kuma in an sauke shi a ruwa, nan ne gidansa. Farfelarsa tana ƙasa wajen mita guda kuma ba ta ɗaguwa, saboda haka tudun yashi ko dutsen da rani ya tono a kogi zai lanƙwasa sandar. Raga ko kainuwa ta naɗe ta, sai mutum ya yi nutso da wuƙa. Ma'ana jirgin Yamai ne, yana son mai gadi da albashi, wanda zai riƙa kwashe ruwan ciki, ya tayar da inji duk mako, ya matsar da igiya idan kogi ya hau ko ya sauka. Mai gida a Yamai da ke zuwa duk wata, ko mai niyyar ba da haya ga masu yawon shan iska, zai iya morarsa. Wanda zai gan shi sallah-sallah, mai gadin ya saya wa. A kuma sani cewa ƙarfe daga ciki yake ruɓewa, ƙarƙashin daɓe da bayan tankuna inda ruwa ke kwanciya. Sabon fenti a waje ba ya nuna komai.

Na uku shi ne wanda abokina ya raina, ya ce wannan ai kwale-kwale ne da hula. Irin Shetland 535 na Ingila, ko ƙananan Merry Fisher na kamfanin Jeanneau a Faransa: mita 5 zuwa 6, ɗan ɗakin da mutum biyu za su kishingiɗa, sai fili a baya. Duk abin da ke kashe kuɗi a jirgi yana cikin inji, a nan kuwa injin a rataye yake da ƴan ƙusoshi. Ya lalace, a sauke shi a sa a bayan mota a kai wa mai gyara. An zo ruwa marar zurfi, a ɗaga shi. Raga ta naɗe, a ɗaga a warware da hannu. Shawarata ma kada a sayo shi da injin Turai, a sayo gangar jirgin kawai, a zo a ɗora masa Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 25 ko 40, irin wanda ke bayan jiragen haya daga Ayoru har Yawuri, wanda kayan gyaransa da masu gyaransa suke nan a bakin kogi. Mai doki 40 a iyakar gudunsa yana shan kusan lita 20 a awa, a tafiyar hankali bai kai rabin haka ba. Ana gauraya masa baƙin mai a cikin esansi, kashi 1 cikin 50. Abu biyu za a auna kafin a sayi injin: tsayin bangon baya, domin akwai inji mai gajeriyar ƙafa, wajen santimita 38, da mai doguwa, wajen 51, sai kuma ƴar farantin da ke manne a jirgin wadda ta faɗi iyakar dokin da zai ɗauka da yawan mutane. Enduro yawanci da hannu ake juya shi daga baya, in ana son sitiyari sai an ƙara kayan haɗi.

Ƙanƙantarsa tana rage kuɗi tun daga tashar jiragen ruwa. Ƙofar kwantena faɗinta mita 2.34 ne. Jirgi mai faɗin mita 2 zai shige, har a cusa wasu kaya a gefensa. Irin na Kawu faɗinsa ya haura mita 2 da rabi, ba ya shiga, sai a buɗaɗɗen dandamali ko a jirgin dakon motoci, kuma kuɗin daban ne. Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina cikin ayari, tafiyar ta ƙara tsawo da tsada. Abokina ya fi ni sanin wannan. Abin da na ce masa kawai, ya je duwan da takardun jirgin ya ji abin da za su caje shi tun kafin ya biya ko dala a Turai, ya kuma tambayi hukumar sufuri takardun da ake nema kafin a sa shi a kogi.

Duk wanda aka zaɓa cikin na faiba, babba ko ƙarami, akwai ciwon da suka haɗa. Mutane na cewa faiba ba ta ruɓewa, gaskiya ne, amma a tsakiyar bangon baya da haƙarƙarin ƙasa katako ne aka lulluɓe da ita. Ruwa ya bi ramin ƙusa ya shiga, shekara 20 ko 30, katakon ya koma kamar dusa, waje kuwa sumul. Na ga yadda ake gane shi a wajen wani tsohon mai gyaran jirage a bakin kogi a Yamai. Ya ɗauki ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasa bangon taki-taki, kunnensa a kusa. Inda ke da lafiya sai ka ji ƙau, ƙau. Ya zo kusa da ramin fitar ruwa sai sautin ya koma bus, kamar an bugi kabewar da ta lalace. Ya kwance ƙusa ɗaya, wani baƙin ruwa ya biyo ta. Ya dubi mai jirgin ya ce, "Alhaji, wannan in ka ɗora masa doki 40, injin zai tafi ya bar ka." Haka ake taka daɓen ciki da ƙafa a ji ko yana lotsawa. Ƙurajen da ke fitowa a ƙasan ganga, masu ruwa mai warin tsami in an fasa, sun fi muni a ido amma ba su kai wannan haɗari ba.

Wanda zai sayi mai inji a ciki ya ƙara da zaro sandar gwajin mai. In man ya yi fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, kuma a jiragen ƙasashen sanyi sau da yawa dalilin shi ne an bar ruwa a inji ya daskare da hunturu ya tsaga shi. Wanda ya yi zaman teku kuma gishiri ya ci bututun hayaƙinsa daga ciki. Tankin mai na alminiyom da ke binne ƙarƙashin daɓe, in ya huje sai an yanka daɓen. Shekarun jirgi ba a jin su daga bakin dillali: jiragen Amurka tun 1972 suna da lamba mai harufa 12 a bangon baya ta hannun dama, a waɗanda aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1980 lambobi biyun ƙarshe su ne shekarar ƙira. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da hoto ke nunawa. Akwai masu duba jirage a Turai da sana'arsu ke nan, a biya su su rubuto rahoto. Kawu bai yi ba, cinikin biri a sama ya yi.

Wani abin da ba wanda ke faɗa: ɗakin nan da ake sayen jirgin dominsa, an yi shi ne don masu gudun sanyi. Tagoginsa ƙanana, rufinsa faiba. A watan Afrilu, zafi ya haura 40, minti biyar ba za ka yi a ciki ba, da dare kuma sauro ya karɓe shi. Duk fitar da muka yi da na Kawu, a waje muka zauna muna neman inuwa, ɗakin ya zama ma'ajiyar takalma da kular abinci. Abin da ruwanmu ke so rumfa ce mai buɗaɗɗen gefe.

Wannan ne ya sa na ƙara wa abokina hoto na huɗu da bai tambaya ba: dogon jirgin katako irin wanda ake ƙerawa a bakin kogi, a Gaya ko Yawuri, a yi masa rumfar ƙarfe da tamfol, a jera kujeru masu katifa, a ɗora Enduro. Ba ya buƙatar duwan, ruwa kaɗan ya ishe shi, wanda ya ƙera shi na nan da rai in ya fara yoyo, kuma ranar da aka gaji da shi akwai masu saye, abin da sauran ukun ba su da shi. Aibinsa katako na son zama a ruwa, in an bar shi a tudu ya bushe ya buɗe, sannan ba ya ɗaukar ido, ba wanda zai tsaya ɗaukar hotonsa. Ko wanne aka hau, rigar ruwa ta kowa da kowa ce, har yara, kuma ba a ƙetare adadin mutane. Jirgin da ya nutse kusa da Wara a jihar Kebbi a Mayun 2021, da mutane sama da 100, lodi ne ya yi masa yawa.

Ga yadda na raba masa. In a Maraɗi jirgin zai zauna, ana kai shi Madarunfa bayan damina, wani lokaci a ja shi zuwa Yamai, ƙaramin nan ne, ba inji, da tirela mai lafiya. A duba tirelar kamar yadda ake duba jirgin, domin ƙananan tayoyi da boris ɗin da ya yi zafi a kan kwalta sannan aka tsoma shi a ruwa su ke barin mutum a dajin Dogon Dutsi. A yi masa rumfa a gida, a cire batir, a zuba maganin ɓera, kuma kafin a sauke shi a tafki a je a gaida sarkin ruwa a ji inda raga take. In yana da gida da amintaccen yaro a Yamai, na katako ko na ƙarfe, kuma na katakon zan fara gwadawa shekara guda in ga ko sha'awar za ta kai baɗi. Farin mai silinda 8 kuwa na ce ya zo in kai shi bayan gidan Kawu ya gani da idonsa, in har bayan nan yana so, ga shi nan ba sai an yi oda ba.

Ya zo ranar Juma'a bayan la'asar. Ya zagaya shi sau biyu, ya leƙa ɗakin, kaza ta tashi ta kusa fige masa hula. Kawu na zaune a kan tabarma yana ta yabon injin, wai gasket kawai yake so. Abokina ya karɓi guduma a hannuna ya ƙwanƙwasa bangon baya, muka ji bus. Ya ce, "Baba, sai na yi shawara." A mota ya tambaye ni nawa Enduro mai doki 25 yake yanzu, da kuma ko ƙaramin zai shiga kwantena ɗaya da injinan ban-ruwan da yake jira.